Dutsen Niƙan Kande

Gazawa, Oktoba 1992

Zuwa ga abokina Safiyanu, jikan Habi, a Gidan Rumji.

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da iyalinka. Ka gaida mini kakarka Habi, ka ce mata taubashinta na Gazawa bai mutu ba tukuna, kada ta fara rabon gado. Ni dai alhamdu lillahi. Ƙafafu ne suka ƙi, tari kuma yakan tashi da asuba, amma Zulai maƙwabciyata tana aiko mini da kunu, ba na wuni da yunwa.

Na ji daɗin zuwanka. Tun rasuwar matata Kande ba wanda ya zauna kan tabarmar nan ya saurare ni har la'asar sai kai. Ka ce in rubuta maka labarin dutsen niƙan da na ara maka, don ka nuna wa masanin tsofaffin duwatsun nan da ka ce zai zo Maraɗi daga Yamai. To, ga shi.

Shekara goma kafin 'yancin kai aka tura ni Balma in karantar a lakol, makarantar boko, ina saurayi. Kamiyon soja ne ya ɗauke mu daga Agadas, muka shiga Tenere. Bayan mun wuce itaciyar nan guda ɗaya da ke tsaye bakin rijiya, wadda ba ta da 'yar'uwa ko ta wace fuska, sai taya ta fashe. Wurin nan, abokina, ba ciyawa, ba tsuntsu, ko ƙuda babu. Ƙarfen mota ba ya taɓuwa sai da tsumma. Kyandir ɗin da na sayo ya narke cikin akwati ya haɗe da rigata ta sallar Juma'a. Gumi ma ba ka ganinsa, kafin ya fito iska ta lashe shi, sai gishiri ya yi fari a wuyan riga. Can gaba kana hangen tafki yana ƙyalli har da itatuwa a bakinsa, alhali kawalwalniya ce.

Ƙarfen ɗaga mota ya dinga nutsewa cikin rairayi, direba ya ce mu nemo masa dutse mai faɗi. Na hau wani tudu na gangara, sai ga fili, duwatsu a warwatse kamar ƙore a bakin kasuwa, kusan kowanne a kife. Na juya ɗaya. Dutsen niƙa ne, cikinsa ya lotsa sumul, ɗansa kuma yana kwance ƙarƙashinsa. Kewaye da shi akwai tsingaron tukwane masu zane, da bawon katantanwa, da ƙayoyin kifi masu kauri kamar yatsana. Kifi, a inda mutum ke mutuwa da ƙishi tsakanin safe da yamma. Direba ya so ya sa shi ƙarƙashin mota, na hana, na nemo masa wani.

Da na dawo gida na auri Kande, na nuna mata. Ta durƙusa ta kama ɗan dutsen, ta gwada, ta juya shi, ta ce mai shi bahaguwa ce. Ita ma Kande bahaguwa ce, hannunta ya zauna daidai inda hannun waccan ya ci. Ta ce kuma ba gudu matar ta yi ba, don mai gudu ba ta tsayawa kife dutse. Ta kife shi ne kada ƙasa ta shiga, da niyyar ta dawo. Tun ranar ba ta ƙara niƙa a wani dutse ba, har injin niƙa ya zo gari ba ta daina ba. Takan kira matar ƙawarta ta Tenere. Allah bai bar mana haihuwa ba, shi ya sa takan yi dariya ta ce a gidan nan dutse kaɗai ke da ɗa.

Mutanen Gazawa, da ke kirana Mushe don na yi malamin lakol, sun daɗe suna cewa rana ta taɓa kan Mushe Labo, shi ya sa yake ganin kifi a hamada. Idan masanin nan ya ce gaskiya na faɗa, zan so in ji kafin in kwanta.

Amma ka tuna aro ne. Kabarin Kande yana gefen maƙabarta inda ruwa ke bi, daminar bana ta cinye tudunsa, icen da na kafa kuma gara ta shiga. Ba mu da ɗan da zai riƙa nuna wurin. Ina so in kafa dutsenta wajen kanta kafin wata damina. Ɗan dutsen yana nan wurina, tunda ka ce masanin ba ya buƙatarsa.

Kakanka kuma abokinka,
Labo

Gidan Rumji, Nuwamba 1992

Zuwa ga Kaka Mushe.

Ina gaisuwa, tsoho mai ran ƙarfe. Duk muna lafiya. Kaka Habi ta ce gadon mi gare ka banda tari da tsofaffin littattafai, ta yafe.

Wasiƙarka ta iso, na karanta ta har sau biyu, na kuma karanta wa wasu manya, sun yi mamaki ƙwarai. Masanin bai zo ba tukuna, an ce wata mai kamawa. Dutse yana wuri mai kyau, kada ka damu.

Akwai abin da nake son sani. Wurin da ka tsinci dutsen, kusa da Abzin yake? Ka san tsofaffinmu na cewa Gobirawa daga Abzin suka taho. Ba mai yiwuwa ba ne kakanninmu ne suka bar shi? Ka ƙara mini bayani, duk abin da ka tuna.

Aiki ya yi yawa nan. Tunda aka buɗe jam'iyyu ba mu zama, ina taimaka wa Alhaji Hambali da rubuce-rubuce, shi ne ke neman kujerar depite, ta ɗan majalisa, a wajenmu. Ka yi haƙuri da gajeruwar takarda.

Jikanka,
Safiyanu

Gazawa, Nuwamba 1992

Abokina Safiyanu,

Gaisuwa da fatan alheri. Jikina da sauƙi, har na taka zuwa masallaci ranar da takardarka ta zo. Na nuna wa Zulai ita, na ce dubi, akwai yaron da ke tambayata in ƙara. Shekara arba'in ina neman wanda zai ce mini haka.

Game da tambayarka, a'a. Ku Gobirawa ko raƙumi kuka gani sai ku ce na kakanku ne. Wurin yana gabas da duwatsun Abzin da nisa, a tsakiyar rairayi. Gobirawa sun zauna Abzin, haka na ji daga tsofaffi, kuma haka aka koya mana. Amma lokacin da suka zauna can, Tenere ta riga ta bushe. Matar da ta kife dutsen nan ta rayu ne tun akwai tafki da kifi, tun ba a san sunan Gobir ko Katsina ba. Na ga zanen mutanenta a jikin duwatsu, shanu masu dogayen ƙaho da raƙuman dawa, an sassaƙa su da kyau har da zanen fatarsu. Ba wanda ya san harshensu. Kada ka bari a haɗa su da kowa, masanin zai yi maka dariya.

Tunda ka ce duk abin da na tuna, bari in gaya maka Balma. Gari ne da ake tsoron ruwan sama. Gidajensu da ƙasar gishiri aka gina, idan ruwa ya sauka bango sai ya narke kamar sukari a shayi, dabino ya lalace a kan itace, ramukan gishiri su ɓaci. Shekarata ta biyu hadari ya haɗu, ni ɗan Gazawa na fito ina murna, na tarar da dattawa sun taru suna roƙon Allah ya wuce da shi. Na ji kunya na koma ɗaki. Ga shi kuma ƙarƙashin wannan wutar akwai idanun ruwa masu sanyi, har da 'yan ƙananan kifaye masu rai. Na kan zauna bakinsu in ce watakila jikokin waɗancan ne.

Ramukan gishirin kuwa, ruwansu wani ja, wani ɗorawa, wani kore. Rana tana ƙafar da shi, ɓawo ya taso a sama, mutum ya shiga ya farfasa shi ya nutse, gobe wani ya taso. Su kwaɓa su zuba cikin kututturen dabino da aka rarake, su kife, shi ne kantun da kuke saya wa shanu a kasuwarku ba ku san wahalarsa ba. Da kaka ayarin Buzaye ke zuwa da hatsi su koma da gishiri, raƙuma ba iyaka, madugu yana gaba yana karanta rairayi kamar allo. Akwai kuma tudun da ke kuka idan rairayinsa ya zame, kamar ana kaɗa ganga cikin ƙasa. Wannan ma an ce ƙarya nake.

Itaciyar nan guda da na ambata, daga baya na ji wata mota ta kaɗe ta. Hamada duk faɗinta, sai da direban ya same ta.

Ka rubuto da zarar masanin ya zo. Ka sa a ajiye dutsen a kife.

Abokinka,
Labo

Gazawa, Janairu 1993

Safiyanu,

Ina fatan kuna lafiya. Ni tarin ya dawo, na yi kwanaki ban fita ba. Wannan ce takardata ta uku tun waccan, ban ga amsa ba. Da fari na ɗauka gidan waya ne, daga baya na ce ko ba ka da lafiya, har na sa liman ya yi maka addu'a.

Jiya Ishaku direba ya shigo gaishe ni. Ka san shi, shi ya ɗora maka dutsen a motarsa ranar da ka tafi. Ya kai fasinja Gidan Rumji ya tarar ana miting ɗin Alhaji Hambali. Ya daɗe yana kewaye-kewaye kafin ya faɗa mini abin da ya gani, sai da na ce ya faɗi ko ya tashi.

Ya ce an shimfiɗa darduma a bayan mota, an ɗora dutse a kai, an shafe shi da man shanu yana ƙyalli. Maroƙi yana shela cewa wannan ne dutsen kakar kakannin Alhaji, wanda ta ɗauko a kan raƙumi ranar da Gobirawa suka baro Abzin, yana gidansu tun daga lokacin. Mutane suna turereniya su taɓa. Ishaku ya gane shi da ɓallin da ke gefensa, don ya sha furar da aka niƙa a kansa tun yana yaro.

Ya ce kuma wani ya karɓi lasifika ya ba da labarin ƙasar da kakannin suka baro, inda kyandir ke narkewa cikin akwati, inda ƙayar kifi ke kwance a rairayi. Mai lasifikar ya ce tsohuwar bahaguwa ce, sai Alhaji ya ɗaga hannunsa na hagu, wuri ya ɗauki tafi. Na tambaye shi wa ke riƙe da lasifikar. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Mushe, ka san muryar da ta fi tawa iya karatu."

Kai yake nufi, amma ban yarda ba tukuna. Ishaku yakan ƙara gishiri a magana, kowa ya sani. Watakila an ɗauki dutsen ba da saninka ba, watakila wani ya karanta takarduna a inda ka ajiye. Maganar bahaguwa ce ta tsaya mini a rai. Ba a littafi na samo ta ba. Kande ce ta faɗe ta tana durƙushe a tsakar gidan nan, ba kowa sai ni da ita, kuma ban taɓa rubuta wa kowa ba sai kai.

Ka rubuto ka ce ƙarya ne, zan yarda. In kuwa ba za ka rubuto ba, ka ba Ishaku dutsen ya taho da shi.

Labo

Gidan Rumji, Fabrairu 1993

Zuwa ga Kakana abin ƙaunata, Mushe Labo.

Gaisuwa irin ta jika da kaka, da roƙon Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana. Na ji labarin tarin, raina ya ɓaci. Ga bargo nan da shayi da sukari na ba Ishaku, har da maganin tari daga Maraɗi. Kaka Habi tana gaishe ka, ba ta san komai a wagga magana ba.

Kaka, takardunka duk sun iso, kunya ce ta hana ni amsawa. Ba zan ce maka ƙarya ne ba. Amma ka saurare ni. Masanin bai zo ba, ba laifina ba ne. Dutsen yana ɗakina Alhaji ya gan shi. Ka san abokan hamayya na yi mashi gorin baƙo ne, wai ubansa sayen gyaɗa ya kawo shi daga ƙetaren iyaka, ba ya da tushe a Gobir. Shi ya ce mu ara na kwana biyu. Ni kuwa shekara huɗu ke nan da gama karatu ina zaune, ga mata ga yara, ya yi mini alkawarin aiki a buro, ofishin gwamnati, idan ya ci. Mi zan ce mashi?

Kuma ai ni jika ne. Jika ba ya sata a gidan kaka, ɗauka yake. Kaka Kande da kanta angona take kirana, da tana raye da dariya za ta yi. Ka duba kuma, labarin da Gazawa ta ƙi yarda da shi, yau dubban mutane sun ji shi suna tafi. Ashe ba abin da kake so ke nan ba?

Yanzu ga inda matsala take. A wani ƙauye wajen Tibiri wata tsohuwa ta matso ta shafa dutsen ta ce, "To, ina ɗansa?" Mu maza ba wanda ya taɓa tunanin haka. Alhaji ya ce yana gida, ta ce wace irin mace ce za ta ɗauko uwa tun daga Abzin ta bar wa jikoki su raba ta da ɗa. Mata suka fashe da dariya. Mun gwada wasu 'ya'yan duwatsu, ba wanda ya zauna, ko makaho ya shafa ya san ba nasa ba ne. Yanzu 'yan hamayya sun sa abin a waƙa, duk inda muka je yara na binmu da ita. Zaɓe ya matso.

Don Allah, Kaka, ka ba Ishaku ɗan dutsen. Bayan zaɓe ba zan iya yi maka alkawarin dawo da su ba, don ka san abin da aka riga aka faɗa gaban jama'a ba ya komawa. Amma Alhaji ya ce zai aiko magini a ɗaure kabarin Kaka Kande da siminti, a rubuta sunanta, abin da ruwa ba zai taɓa ci ba. Ai ya fi dutse.

Jikanka mai neman gafara,
Safiyanu

Gazawa, Fabrairu 1993

Zuwa ga Malam Safiyanu, marubucin Alhaji Hambali.

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya. Ni ina nan yadda Allah ya so. Maganin tari na karɓa, na gode. Bargo da shayi da sukari suna hannun Ishaku, zai mayar maka.

Da na ga takarda mai kauri na yi murna, har na sa Zulai ta ɗauko mini tabarau ta tsaya ta ji. Na karanta mata gaisuwar da ƙarfi. Daga nan na ci gaba a zuci, ta dube ni ta fita. Wata uku ina rubuto maka ina tari, ba ka amsa ba. Tsohuwa guda ta yi tambaya a ƙauye, sai ga bargo.

Ka ce jika ba ya sata a gidan kaka. Haka ne. Jika yakan ɗauke hular kakansa ya gudu, kakan ya bi shi da sanda, kowa na dariya, da yamma hula ta dawo. Wasan a gaban kakan ake yinsa. Kai ka zauna kan tabarmata ka ce in ƙara, na ɗauka ni kake saurare, ashe kaya kake tarawa. Ka tambaye ni ko na Gobirawa ne, na ce maka a'a a rubuce, ka hau mota ka ce i.

Ka ce abin da nake so ke nan, mutane su ji su yi tafi. Shekara arba'in ina faɗin gaskiya ana ce mini rana ta taɓa ni, na haƙura, don Kande ta yarda. Abin da na so shi ne mutum guda ya duba dutsen ya ce, lalle an yi ruwa a can, an yi mace, ta yi niƙa. Ku kun kashe matar nan kun sa wata a gurbinta. Rairayi ya rufa mata asiri tun ba a san ƙirga shekaru ba, ku kun ɓatar da ita cikin rani guda.

Ka sani kuma ba kai kaɗai ka nema ba. Mutanen ɗaya jam'iyyar sun zo har gida, su biyu, da manyan riguna. Suna so in ba su ɗan dutsen, su ɗauke ni a mota zuwa Gidan Rumji in tsaya gaban jama'a in tona. Na yi tunani a kai, ba zan ɓoye maka ba. Na ga fuskar Alhaji, raina ya so. Sai na ga taka a bayansa, da ta Habi idan labari ya kai mata. Na ce musu ba na jin Hausa sosai tun da rana ta taɓa ni. Suka tafi.

Siminti kuma ku bar shi. Liman ba zai yarda ba, Kande ma ba ta san Alhaji ba, ba zan sa ta kwana ƙarƙashin kyautarsa ba.

Shekaranjiya da hantsi mijin Zulai ya ɗora ni a amalanken jaki ya kai ni maƙabarta. Da ƙyar muka gane wurin, sai da na auna daga itaciyar aduwa da ke kusa. Ya tara ƙasa ya gyara tudun. Ni kuma na durƙusa wajen kanta na tona da hannuna, na sa ɗan dutsen, gefen da hannunta ya ci yana ƙasa, yadda na tarar da shi a Tenere. Bayansa kaɗai ya fito, bai fi tafin hannu ba. Ƙarami ne, ban sani ba ko zai jure wa damina. Shi ke gare ni.

Don haka idan Alhaji yana son ɗan dutse, ka gaya masa inda yake. Maƙabartar Gazawa ba ta da ƙofa, ni kuma ba ni da ƙarfin hana kowa. Ya zo da rana, da maroƙinsa, ya tona.

Kai kuwa, ba zan ƙara rubuto maka ba, idona ya gaji. Zaɓe zai wuce, man shanun zai bushe, wata rana za a tura dutsen bayan ɗaki don ba mai sauran buƙatarsa. Ranar nan, idan akwai sauran abin da Habi ta zuba a jikinka, ka ɗauko shi. Ba sai ka biyo ta gidana ba, mai yiwuwa ba za ka tarar da kowa ba. Ka wuce kai tsaye gefen aduwar, ka nemi ɗan, ka kife uwar a kansa.

Wassalam.
Labo, mijin Kande